Daga Waya Zuwa Iska, Daga Iska Zuwa Wayar Hannu

Garin Wudil yana bakin kogi, kamar mil 25 daga birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Borno. Kowace Juma'a kasuwarsa takan ci, fatake da masu shanu su taru daga nesa. A zamanin da, ta bakin waɗannan baƙi ne mutanen gari ke jin abin da duniya ke ciki. Yau kuwa mai shago a Sabon Garin Wudil yana zaune labarin Makka da na Ingila ke iske shi. Hanyar da magana ke bi ta iso kunnensa ta sāke har sau uku cikin shekara 80.

Hanya ta farko waya ce. A shekarar 1935 Gwamnati ta kafa rediyon waya a Ikko, a 1944 aka kawo shi Kano. Yadda ake yi shi ne, akwai tasha guda mai babbar na'ura, ita ke kamo shirin BBC daga London, sa'an nan a tura shi ta waya zuwa akwatunan da aka kakkafa. An sa waɗansu a wuraren taruwar jama'a, kamar ƙofar fada da gidan waya. Wanda ke so a gidansa kuwa sai ya biya kuɗin haya. Akwatin nan ba shi da wurin murɗa tasha, abin da aka aiko shi za ka ji. Kuma inda waya ta tsaya, nan magana ta tsaya. Saboda haka mutanen ƙauye ba su da rabo sai in sun shigo birni.

Hanya ta biyu iska ce. A 1951 aka kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya. Ran 13 ga Maris, 1957, BBC ta soma magana da Hausa. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan rediyo a Kaduna. Daidai wannan lokaci ƙaramin akwati mai aiki da batir ya fara yawaita, ga araha ga sauƙin ɗauka. To, nan ne talaka ya sami 'yancin kunnensa. Manomi ya rataya akwatinsa a gona, makiyayi ya saɓa nasa a kafaɗa ya bi shanu. Wanda bai iya karatu ba ya san abin da mai karanta jarida ya sani. Iska kuwa ba mai sayar da ita, in ka sayi batir ka gama biya.

Amma duk da haka tashoshin ƙasar nan na hannun Gwamnati. Sai a 1992 aka yi dokar da ta yarda wa 'yan kasuwa su buɗe nasu. A 2003 gidan Freedom ya fara aiki a Kano, waɗansu suka biyo baya. Waɗannan sun fi amfani da zangon FM, wanda muryarsa ke fita tangaran, sai dai ba ya cin nisa kamar gajeren zango.

Hanya ta uku ta soma da zuwan wayar hannu a 2001, intanet kuma ta biyo ta. A wannan hanya na'ura ce ke juya murya ta zama lambobi, a aika da su, wayar mai sauraro ta sake mai da su murya. Abu biyu suka canja. Na ɗaya, nisa ya daina hana ji: ɗan Wudil da ke fatauci a Kumasi ko Jidda yana iya sauraron tashar Kano kamar yana gida. Na biyu, lokaci ya daina tsere wa mutum. Da, in shiri ya wuce ka ya wuce ke nan. Yanzu gidajen rediyo na ajiye shirinsu a Facebook da YouTube, mutane kuma na tura wa juna ta WhatsApp, kowa ya ji sa'ad da ya sami sukuni.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sauraro ta intanet sai da kuɗin data, watau haya ta komo kamar zamanin rediyon waya. Kuma wannan hanya tana da ƙofa da mai tsaronta. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan wayar hannu a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, intanet ta ɗauke gaba ɗaya, amma akwatin batir bai yi shiru ba. FM ma tana da tata ƙofar. A watan Disamba na 2024 Gwamnatin Nijar ta dakatar da shirin BBC na wata 3 a tashoshin ƙasarta. Ban da wannan, muryar da aka turo ta waya ba kullum ake sanin asalinta ba. Ana iya yanke maganar mutum a haɗa ta da wata, a ce wani gidan rediyo ne ya faɗa.

Saboda haka sabuwar hanya ba ta kashe tsohuwa ba, sai dai ta zama abokiyar tafiyarta. Mai hankali yakan riƙe duka biyu: waya don abin da ya wuce shi da abin da ke nesa, akwati don ranar da layi ya yanke. In kuwa aka turo masa labarin da ya tayar masa da hankali, ya dakata tukuna ya ji ko tashar da aka ambata ta faɗe shi da bakinta.