Ƙwallon Amurka: Ƙaurar ƙungiyoyi, raunin 'yan wasa da shigowar caca

A daren 28 ga watan Maris na shekarar 1984, jerin manyan motocin ɗaukar kaya suka isa hedkwatar ƙungiyar Colts da ke wajen birnin Baltimore, a jihar Maryland ta Amurka. Kafin gari ya waye an kwashe kayan ƙungiyar baki ɗaya, an nufi birnin Indianapolis da su.

Mai ƙungiyar, Robert Irsay, ya yi gaggawar ne saboda majalisar dokokin jihar tana shirin bai wa birnin ikon ƙwace ƙungiyar daga hannunsa. Mutanen Baltimore sun kwanta suna da ƙungiya, sun tashi ba su da ita, kuma sai da suka yi shekaru 12 kafin su sami wata.

Har yau wannan dare shi ne misalin da Amurkawa kan kawo idan ana muhawara kan wanda ya mallaki ƙungiyar wasa: attajirin da ya saye ta, ko kuwa jama'ar garin da take ɗauke da sunansa.

Yadda wasan yake

Ƙwallon ƙafa irin na Amurka ya fi kama da zari-ruga fiye da tamaular da aka sani a Afirka da Turai. Ana buga shi galibi da hannu, kowane ɓangare da 'yan wasa 11 sanye da hular kwano. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi 10, idan ya gaza sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kai ƙwallo ƙarshen fili yana kawo maki 6.

Hukumar NFL, wadda aka kafa a 1920 a garin Canton na jihar Ohio, ita ce ke shirya gasar ƙwararru. Tana da ƙungiyoyi 32, kuma tun 2021 kowace ƙungiya na buga wasanni 17 a kaka, kafin a shiga zagayen kifuwa ɗaya kwale wanda ke ƙarewa da wasan Super Bowl a watan Fabrairu.

Wani abu da ya bambanta gasar da ta Firimiyar Ingila shi ne babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni, babu kuma hawa daga ƙasa. Garin da yake son ƙungiya, ko dai ya jira hukumar ta ƙara yawan ƙungiyoyi, wanda rabon da a yi haka tun 2002, ko kuma ya janyo ta wani garin. Daga nan ne masu ƙungiyoyi suke samun ƙarfin ciniki.

Filin wasa ko ƙaura

Salon cinikin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai ƙungiya zai ce filin wasansa ya tsufa, ya nemi gwamnatin birni ko ta jiha ta taimaka da kuɗin gina sabo, sa'an nan a fara jin raɗe-raɗin cewa wani gari ya yi masa tayi. Ƙa'idar hukumar ita ce sai masu ƙungiyoyi 24 daga cikin 32 sun amince kafin a ƙaura.

Wannan ƙa'ida ma ba koyaushe take aiki ba. A 1982 Al Davis ya kayar da hukumar a kotu, ya ɗauke ƙungiyar Raiders daga Oakland zuwa Los Angeles, ya kuma mayar da ita Oakland a 1995.

Tsakiyar shekarun 1990 ne aka fi ganin wannan kai-komo. A 1995 ƙungiyar Rams ta bar yankin Los Angeles zuwa St. Louis, inda aka gina mata rufaffen fili da kuɗin jama'a. A watan Nuwambar wannan shekara Art Modell ya ba da sanarwar ɗauke Browns daga Cleveland zuwa Baltimore. Fushin da mutanen Cleveland suka nuna ya sa aka yi sulhu: Modell ya tafi da 'yan wasa ya kafa Ravens, birnin kuma ya riƙe suna da launi da tarihin ƙungiyar, aka farfaɗo da ita a 1999. A 1997 kuma Oilers ta bar Houston zuwa jihar Tennessee.

Daga 1995 zuwa 2015 Los Angeles, birni na biyu mafi girma a ƙasar, bai da ƙungiya ko ɗaya. Masu sukar hukumar sun sha cewa barin birnin fayau ya fi yi mata amfani, domin duk mai neman sabon fili yana iya tsorata garinsa da sunan Los Angeles.

A watan Janairun 2016 masu ƙungiyoyi suka amince, da ƙuri'a 30 da 2, cewa Stan Kroenke ya mayar da Rams can. Kroenke dai shi ne mai ƙungiyar Arsenal ta Landan, kamar yadda iyalan Glazer na Manchester United suke da Tampa Bay Buccaneers. Ya gina filin SoFi da kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala biliyan 5, ba tare da gwamnati ta biya kuɗin ginin ba. Sai dai St. Louis, wanda aka bari yana biyan bashin filin da babu mai wasa a cikinsa, ya kai ƙara kotu a 2017 yana zargin hukumar da karya ƙa'idojinta na ƙaura. A watan Nuwambar 2021 aka sasanta a kan dala miliyan 790.

Ƙungiyar Chargers ta bi sahu a 2017, bayan masu zaɓe a San Diego sun ƙi amincewa da ƙarin harajin otal-otal domin gina mata fili. Ita kuwa jihar Nevada ta amince da irin wannan haraji, ta ware dala miliyan 750, kuma a 2020 Raiders ta koma Las Vegas.

Magoya bayan irin wannan tallafi suna cewa filin wasa yana samar da ayyukan yi, yana jawo baƙi, yana kuma ɗaga sunan gari. Akasarin masana tattalin arzikin da suka nazarci lamarin ba su yarda ba. Tun a 1997 wani littafi da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka shirya ya nuna cewa ribar ba ta kai abin da ake kashewa ba. Dalilin a fili yake: ƙungiya tana buga wasa takwas ko tara ne kacal a gida cikin kakar wasa, kuma kuɗin da magidanci ya kashe a filin wasa, da a wani shagon garin zai kashe shi.

Duk da haka tallafin bai tsaya ba. A 2022 jihar New York da gundumar Erie sun yi alƙawarin dala miliyan 850 ga Buffalo Bills, a 2023 kuma aka amince da fiye da dala biliyan 1.2 domin sabon filin Tennessee Titans. Abin lura shi ne, inda aka tambayi jama'a kai tsaye sau da yawa amsar kan bambanta da ta 'yan majalisa, kamar yadda aka gani a watan Afrilun 2024 sa'ad da masu zaɓe a gundumar Jackson suka yi watsi da harajin da zai amfani Kansas City Chiefs, watanni biyu kacal bayan ta ci kofi.

Ƙungiya ɗaya ce wannan barazana ba ta shafa ba. Green Bay Packers mallakar masu hannun jari fiye da dubu 500 ce, a garin da mutanensa ba su wuce dubu 110 ba. Dokokin hukumar sun hana a sake kafa wata irinta.

Mutum ɗaya, kaka guda

A cikin 'yan wasa 11 akwai wanda ake kira kwatabak, wato madugun kai hari. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya karanta tsayuwar abokan karawa, ya yanke shawarar wanda zai jefa wa, duk cikin daƙiƙa biyu ko uku, yayin da ƙarti masu nauyin fiye da kilo 120 ke ƙoƙarin kayar da shi. Da wuya a sami wani wasan ƙungiya da ya dogara ga mutum ɗaya haka, shi ya sa a 2024 Dallas Cowboys ta amince ta riƙa biyan Dak Prescott dala miliyan 60 a shekara.

Raunin irin wannan ɗan wasa yana iya sauya tarihi. A watan Nuwambar 1985 miliyoyin masu kallon talabijin sun ga yadda ƙafar Joe Theismann na Washington ta karye, kuma bai sake buga wasa ba. A 2001 raunin da Drew Bledsoe ya ji ne ya buɗe wa wani matashi da ba a san shi ba ƙofa a New England Patriots. Matashin, Tom Brady, ya ci kofin Super Bowl sau bakwai kafin ya yi ritaya.

Bayan shi kansa Brady ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan farko na kakar 2008, hukumar ta tsaurara dokar kai wa kwatabak hari ta ƙasan gwiwa, a 2018 kuma ta ƙara tsananta hukunci kan danne shi da nauyin jiki. 'Yan baya suna ƙorafin an ɗaure musu hannu, hukumar kuwa ta san cewa taurarin nan ne ke sayar da wasan ga gidajen talabijin, waɗanda a 2021 suka ƙulla yarjejeniyar fiye da dala biliyan 100 da ita.

Batun fili ma ya shigo nan. A watan Satumbar 2023 agarar Aaron Rodgers ta tsinke a yunƙurinsa na huɗu a wasansa na farko da rigar New York Jets, a kan ciyawar roba. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta nemi a mayar da dukkan filaye na ciyawar gaske. Masu filaye da dama sun fi son ta roba, domin tana ba su damar ba da hayar wurin ga bukukuwan kiɗa da sauran taruka.

Raunin da ya fi tayar da hankali shi ne na ƙwaƙwalwa. Wani likita haifaffen Najeriya, Bennet Omalu, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002, ya gano cutar da ake kira CTE, wadda ke biyo bayan yawan buguwa a ka. Da farko likitocin hukumar sun nemi a janye binciken nasa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston sun sami alamun cutar a ƙwaƙwalwa 110 daga cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL da iyalansu suka bayar. A watan Satumbar 2022 an bar Tua Tagovailoa na Miami ya ci gaba da wasa bayan an gan shi yana tangaɗi, kwana huɗu bayan haka aka fitar da shi daga fili a kan gadon ɗaukar majinyata. Lamarin ya sa aka gyara ƙa'idojin duba 'yan wasa.

Daga haramci zuwa talla

Kowane mako doka ta tilasta wa ƙungiyoyi su bayyana sunayen masu rauni, kuma asalin dokar caca ce. Bayan an yi yunƙurin bai wa 'yan wasan New York Giants biyu cin hanci gabanin wasan ƙarshe na 1946, kwamishinan hukumar Bert Bell ya kafa ta a 1947, domin kada wasu 'yan caca su riƙa sayen asirin ƙungiya a ɓoye.

Cacar da aka fi yi a wasan ita ce ta tazarar maki. Idan dillalai suka ce wata ƙungiya ta fi abokiyar karawarta da maki 7, wanda ya zuba kuɗi a kanta ba zai ci ba sai ta yi nasara da fiye da 7. Labarin raunin kwatabak kaɗai yana iya motsa wannan tazara da maki da dama cikin mintuna. A bisa tsarin da aka saba, mutum yana zuba dala 110 ne domin ya ci 100, wato sai ya yi daidai a fiye da kashi 52 cikin ɗari na hasashensa kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Masu sayar da hasashen mako-mako a rediyo da intanet ba su cika ambaton wannan lissafi ba.

Shekaru da dama hukumar ta ɗauki caca a matsayin babbar abokiyar gaba. A 1963 ta dakatar da taurari biyu, Paul Hornung da Alex Karras, na tsawon kaka guda. A 2003 ta ƙi yarda a sa tallar birnin Las Vegas a lokacin Super Bowl. Tana kuma cikin waɗanda suka kai jihar New Jersey ƙara domin kare dokar tarayya ta 1992 wadda ta taƙaita cacar wasanni.

A ranar 14 ga watan Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan doka, ta bar wa kowace jiha zaɓi. Fiye da jihohi 30 sun halatta cacar, kuma a 2021 hukumar ta ƙulla ƙawancen kasuwanci da kamfanonin Caesars da DraftKings da FanDuel. Har ila yau ta ci gaba da hukunta 'yan wasanta, inda ta dakatar da Calvin Ridley na kakar 2022 baki ɗaya saboda ya zuba kuɗi a kan wasannin gasar. Masu suka na ganin akwai baki biyu a nan, hukumar kuwa tana cewa cacar da ake yi a fili ta fi sauƙin sa ido.

A watan Fabrairun 2024 aka buga wasan Super Bowl a Las Vegas a karon farko, a filin da harajin otal-otal ya taimaka wajen ginawa, inda Kansas City Chiefs ta doke San Francisco 49ers da ci 25 da 22 bayan ƙarin lokaci.