Daidaito da sarrafa ƙaramin jirgin ruwa mai injin jet

Ƙaramin jirgin ruwa mai injin jet jirgi ne da ba shi da farfela a waje. Yana zuƙar ruwa ta wata kafa da ke ƙarƙashinsa, famfo ya matsa ruwan, sannan ya feso shi da ƙarfi ta wani bututu a bayan jirgin. Wannan feshin ne ke tura jirgin gaba, shi ne ke juya shi dama ko hagu, kuma yana da hannu a yadda jirgin ke zama a kan ruwa. Daidaito a nan na nufin gwargwadon yadda goshin jirgi ke ɗagawa ko dukufawa yayin tafiya. Yawancin matsalolin sarrafa irin wannan jirgi suna fitowa ne daga wurare uku: rabon nauyi, siffar ƙasan jirgi, da lafiyar famfo.

Tarihi

Sir William Hamilton, manomi kuma injiniya ɗan ƙasar New Zealand wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1978, shi ne ya fito da jirgin jet na zamani a shekarar 1954. Burinsa shi ne ya haura kogunan yankin Canterbury masu gudu da ƙarancin zurfi, inda duwatsu ke farfasa farfela. A gwajin farko feshin yana fita ne a ƙarƙashin ruwa. Da aka mayar da bututun sama da ruwa, sai ƙasan jirgin ya zama sumul, gudu ya ƙaru. A 1960 jiragen Hamilton suka haura kogin Colorado ta cikin Grand Canyon a Amurka, kuma a 1977 Sir Edmund Hillary ya yi amfani da su wajen haura kogin Ganges a Indiya. Baburan ruwa irin su Jet Ski na Kawasaki, Sea-Doo na Bombardier da WaveRunner na Yamaha duk da wannan tsari suke aiki.

Yadda famfon ke aiki

Ruwa yana shiga ta kafar da aka rufe da ragar ƙarfe. Daga nan ya isa farfelar ciki, wadda ke juyawa cikin wani zobe da ya kusa taɓa bakin fikafikanta. Bayan farfelar akwai tsayayyun fikafikai masu miƙar da ruwan da ke murɗawa, sai bututun da ke tsukewa don ƙara wa ruwan gudu. A ƙarshe akwai bakin feshi mai juyawa da ke haɗe da sitiyari, da kuma wani murfi mai kama da bokiti wanda ke saukowa ya mayar da ruwan gaba idan za a yi ribas. A ƙarƙashin famfon akwai farantin ƙarfe da jirgin ke hawa a kai idan ya ɗauki gudu.

Sukuwa

Matsalar da aka fi sani ita ce sukuwa, wato goshin jirgi ya riƙa tashi yana faɗuwa a jere ko da ruwa a kwance yake. Tana faruwa ne idan goshi ya ɗaga fiye da kima, sai wurin da ruwa ke tallafe jirgin ya riƙa kai da komo. Daniel Savitsky na cibiyar fasaha ta Stevens a Amurka ya bayyana a aikinsa na 1964 cewa rage kusurwar ɗagawar goshi shi ne ke kawar da ita. Jiragen da ke zamewa a saman ruwa sun fi tafiya da kyau idan kusurwar tana tsakanin digiri 3 zuwa 5.

Gyaran farko shi ne matsar da nauyi gaba. A ƙaramin jirgi inji da famfo duk a baya suke, don haka batir, tankin mai ko fasinja ɗaya na iya sauya zamansa. Ruwan da ya taru a cikin jirgi ma nauyi ne, domin kowace lita kilo ɗaya ce, kuma yana gangarawa baya da zarar goshi ya ɗaga. Idan wannan bai wadatar ba, ana karkatar da bakin feshi ƙasa. Feshin da ya kalli sama yana danne baya ya ɗaga goshi, wanda ya kalli ƙasa kuma yana ɗaga baya ya sauke goshi. Wasu jiragen suna da maɓallin yin haka yayin tafiya, wasu kuma sai an saka wani siririn ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya tsakanin famfo da bututu. Ana kuma iya sauke ƙarshen farantin ƙasa kaɗan, ko a ɗaura faranti biyu masu lanƙwasawa a bangon baya.

Nutsewar goshi

Kishiyar sukuwa ita ce goshi ya dukufa yana huɗar ruwa. Alamunta su ne raguwar gudu, yawan shan mai, da ruwan da ke fantsamowa cikin jirgi. Haɗarinta ya fi na sukuwa, saboda kaifin goshi yana kama ruwa ya zama kamar shi ne sitiyari. Tun da jirgin jet ba shi da komai a ƙarƙashin baya da zai riƙe shi, bayan na iya zamewa ya zagayo gaba farat ɗaya, mutane su faɗa ruwa. Direbobin yawon buɗe ido a kogin Shotover na New Zealand suna yin irin wannan juyi da gangan, amma bayan horo da kuma gargaɗin fasinjoji. Maganin shi ne a mayar da nauyi baya ko a ɗaga bakin feshi.

Siffar ƙasan jirgi

Idan sauya nauyi da feshi bai yi aiki ba, sai a duba ƙasan jirgin. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsawon mita ɗaya zuwa biyu na ƙarshe kafin bangon baya. Idan aka ga rata a tsakiya, ƙasan ya lotsa ciki, kuma wannan lotsawa tana danne goshi. Idan ƙarfen yana lilo, ƙasan ya kumburo, wanda ke jawo sukuwa. Lotsawa a gefe ɗaya takan sa jirgi ya karkata ko ya riƙa ja gefe. Dalilan sun haɗa da ajiye jirgi na dogon lokaci a kan tirelar da ba ta tallafe bangon baya ba, dukan duwatsu a jiragen alminiyum, da zafin walda. Akwai kuma rangaji, inda jirgi mai ƙasa mai kaifi ke jirkicewa dama da hagu a babban gudu saboda ɗan abin da ya rage a ruwa ya yi kaɗan. Ana rage gudu a hankali, sannan a sauke goshi.

Matsalolin famfo

Idan ƙarar inji ta hau amma jirgi bai ƙara gudu ba, famfon ya rasa riƙon ruwa. Abu biyu ke kawo haka. Na farko, iska ce ke shiga famfon, ko dai ta wata tsaga a mahaɗin kafar shiga, ko kuma lokacin da kafar ta fita daga ruwa a kan igiya ko a tsukakkiyar kwana. Na biyu, matsin ruwa a gaban farfela yana faɗuwa har ruwan ya yi kumfar tururi, wadda ke fashewa tana cin ƙarfen. Ciyawa, leda ko igiya a jikin raga su ne sababin da aka fi gani. Yashi da tsakuwa kuma suna cinye bakin farfela da zoben da ke kewaye da ita. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita ɗaya a famfo mai lafiya, kuma idan ta faɗaɗa ruwa yana komawa baya maimakon ya fita. Shi ya sa ba a taka totur da ƙarfi a wuri mara zurfi kafin jirgi ya hau saman ruwa. Dole a kashe inji a zare makulli kafin a sa hannu kusa da raga.

Sitiyari da totur

Jirgin jet ba ya juyawa sai da feshi. Direban da ya ga haɗari ya saki totur ya murɗa sitiyari zai ga jirgin ya ci gaba da tafiya miƙe. Hukumar kula da lafiyar sufuri ta Amurka ta ja hankali kan wannan a binciken da ta yi kan baburan ruwa a 1998, daga baya kamfanoni suka fara sa na'urorin da ke ƙara wa inji ɗan ƙarfi idan an murɗa sitiyari ba totur. A ƙaramin gudu jirgin yakan yi yawo dama da hagu, kuma sabon direba yana ƙara ɓata lamarin da yawan murɗa sitiyari. Ɗan taɓa totur a taƙaice ya fi amfani, wasu kuma suna ɗaura ƙananan fikafikai a bakin feshi. Sakin wayar sitiyari ko lalacewar kusoshin bakin feshi ma suna kawo yawo. Yawancin ƙananan jiragen ba su da giyar tsayawa ta gaskiya, murfin ribas ne ke tsayawa a rabi don ƙarfin gaba da na baya su yi daidai. Idan jirgi yana rarrafe a wannan matsayi, wayar murfin ce ke bukatar saiti. A jirage da yawa goshi yana bin inda aka murɗa sitiyari ko a ribas, saɓanin abin da direban mota ya saba.

Tsarin gwaji

Masu gyara suna farawa da abin da ba ya cin kuɗi: kwashe ruwa, share raga, da sake rabon kaya. Sai duba wayoyi, farfela da zobe, sannan kusurwar feshi da faranti. Gyaran ƙasan jirgi shi ne na ƙarshe. Ana sauya abu ɗaya a kowane gwaji, a ruwa mai kwanciya, da kaya da mai iri ɗaya, ana rubuta gudu da juyin inji. Saitin da ya dace da mutum ɗaya ba lalle ya dace da mutum huɗu ba, don haka ana gwadawa da nauyin da jirgin ya saba ɗauka. Direba yana sa rigar ceto, ya kuma ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa ko a jikin rigar.