Asalin Dokar Kwana A Makaranta, Da Yadda Ta Iske Mutanen Ƙaura Da Shinkafi Da Zurmi

Jama'a, akwai wata doka da a kan kafa wa sababbin ɗalibai a manyan makarantun ƙasashe da yawa, watau duk wanda ya shiga jami'a, shekararsa ta fari ba shi da izinin kama haya cikin gari, tilas ya kwana cikin ɗakunan da makaranta ta gina. Samari su kan yi gunaguni da ita, suna cewa an mai da su yara ƙanana. Iyaye kuwa galibi suna sonta. To, da ya ke abin nan ya fi shekara 100 yana tare da mu, ya kamata mu bi sawunsa tun daga tushe, mu ga inda ya fito, da abin da ya zama sa'ad da ya iso arewacin Zamfara, wajen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Za mu tarar dokar ba yaro kaɗai ta ɗaure ba, har wanda ya kafa ta ma ta ɗora masa kaya, ta yiwu ma nasa ya fi nauyi.

Kwana a wurin karatu ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Tun kafin zuwan Turawa, in mutum ya so ɗansa ya sami Alƙur'ani sai ya kama hannunsa ya kai shi ga malami, wani lokaci a wani gari mai nisa, ya ce ga amana. Daga ran nan makwancin yaro zauren malam ne. In ya yi ciwo malam ke nema masa magani, in ya ɓata malam za a tambaya. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, amma kowa ya san uba bai saki ɗansa ba sai don wani ya tsaya a matsayinsa.

Irin tasu ta Turawa kuwa daga Ingila ta taso, kuma faɗa ne ya haife ta. A Okisfod, garin da babbar jami'arsu ta ke, da fari ɗalibai cikin gari su ke haya, kowa inda ya samu. Kullum sai rikici tsakaninsu da 'yan gari, har cikin 1355 gardama ta tashi a wani gidan giya, aka yi kwanaki ana kashe juna. A farkon ƙarni na 15 sai hukumar jami'ar ta yanke cewa kowane ɗalibi ya zauna a gidan da ta yarda da shi, ƙarƙashin wani babba mai lura da shigarsa da fitarsa. Turawan da suka zo suka riƙe sha'anin ilmi a ƙasar nan mafi yawansu cikin irin waɗannan gidaje suka tashi, saboda haka a ganinsu makarantar da ba a kwana cikinta rabin makaranta ce.

Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano cikin 1909, aka riƙa aiko masa da 'ya'yan sarakuna da malamai daga larduna. Amma inda abin ya kafu sosai shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki cikin 1921, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta cikin Maris 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An kafa ta ne don koyar da malaman makaranta, karatun shekara 5, kuma ɗalibanta daga lardunan Musulmi na Arewa a ke zaɓo su.

A nan sai mai karatu ya tsaya ya dubi hanya, gama ita ce ta sa dokar ta zama dole. Tsohuwar hanyar fatake daga Sakkwato zuwa Katsina ta arewacin Zamfara ta bi. In ka bar Wurno sai ka faɗa dajin Gundumi, wanda ba ruwa cikinsa, a kan kwana ana tafiya don a ƙetare shi, sa'an nan ka ɓullo Isa, ka bi ta Badarawa ta ƙasar Shinkafi, ka sauka Zurmi, kana ka doshi ƙasar Katsina. Ita ce Baturen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya bi cikin 1853 daga Katsina zuwa Wurno. A shekarun fari na Kwalejin ba jirgi a wannan hanya. Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardauna daga baya, Allah ya ji ƙansa, ya yi karatu can daga 1926 zuwa 1931, kuma a ƙasa su ke tafiya shi da 'yan'uwansa, mil wajen 170, kamar mako guda bisa hanya. Yaron da ya yi irin wannan tafiya, ina zai kwana in ba cikin makaranta ba? Ba shi da kawu a Katsina, ba shi da gwaggo. Da an ce kowa ya nemi masaukinsa, da ba uban da zai yarda, kuma da karatun ya zama na 'yan birnin Katsina kaɗai.

Zaman cikin Kwalejin kuwa mai tsanani ne. An raba ɗalibai gida gida, ginin ƙasa irin namu, kowane gida da shugabansa daga cikin manya. Ƙararrawa ke tashe su, ita ke kai su aji, ita ke mai da su makwanci. A kan zo duba tsabtar ɗakuna. Da la'asar a fita wasan kurket da wasan nan na bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya shahara da shi har girmansa. A kan ba kowa ɗan kuɗin guzuri. Turanci kuwa an matsa musu shi ƙwarai, har aka san 'yan Katsina da kyawun lafazi.

A ganinmu, abin da ɗakunan kwana suka yi wa Arewa ya fi abin da allon aji ya yi. Abubakar Imam ya shiga cikin 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa cikin 1928. Ga Basakkwace, ga Babarbare, ga Banufe, ga mutumin Ilori, waɗanda da ba don wannan ba ko sunan juna ba za su ji ba, sai ga su suna cin tuwo a akushi ɗaya shekara biyar. Sa'ad da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna cikin 1949, da yawa daga cikin manyanta ba su bukaci a gabatar da su ga juna ba. Amma fa kada mu yi ta yabo mu mance da sauran. Waɗanda suka sami wannan gata ƙalilan ne ainun, kuma shekarun da suka yi bayan katanga sun raba waɗansunsu da talakawan garuruwansu, suka komo suna jin juna fiye da yadda su ke jin mutanen gida.

Wajen 1930 aka tsara makarantun Midil, galibi kowane lardi guda, su ma na kwana. Ta Lardin Sakkwato tana birnin Sakkwato, domin a lokacin Zamfara duk ƙarƙashin En'e ta Sakkwato ta ke, ba ta zama jiha ba sai 1996. Yaron da ya gama Elementare a Ƙaura ko Zurmi, in an zaɓe shi, sai ya ɗaure 'yan kayansa ya bar gida yana ɗan shekara goma sha kaɗan. Hakimai, irin su Sarkin Kiyawan Ƙaura da Sarkin Zamfaran Zurmi, su a kan ɗora wa nemo yara. Sanannen abu ne a ƙasar Hausa cewa iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko a ƙauye, waɗansu manya kuma suka tura 'ya'yan barorinsu maimakon nasu, daga baya suka yi da na sani. Mutane kan ce tsoron boko ne kawai. Mu dai muna zaton tsoron kwanan ya fi yawa, gama ba da yaro ga malamin da ka sani daban ne da ba da shi ga En'e. Ga 'ya'ya mata abin ya fi wuya, shi ya sa da aka buɗe makarantar horon mata a Sakkwato cikin 1939 sai da sarakuna suka sa baki ƙwarai kafin a sami ɗalibai.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929, nan ne ƙarshen dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau. Don gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi, amma 'yan makaranta sun ci moriyarsa. Cikin 1938 aka ɗauke Kwalejin daga Katsina aka kai ta Kaduna, cikin 1949 kuma aka mai da ita Zariya, inda daga baya ta sami sunan Barewa. Abin mamaki, Kaduna ta fi Katsina nisa daga Ƙaura, amma ta fi ta sauƙin zuwa.

Jami'a sosai ba ta zo Nijeriya ba sai 1948, a Badun. Kwamitin Asquith, wanda Gwamnatin Ingila ta naɗa, ya ba da shawara cikin 1945 cewa kwalejojin da za a kafa a ƙasashen da ta ke mulki su zama na kwana ɗungum. Haka aka yi. Da ɗalibi 104 aka fara, cikin tsohon asibitin soja, kafin a gina manyan gidaje. Kowa da gadonsa, ana dafa masa, ana yi masa wanki. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Cikin 1957 hukumar kwalejin ta sa aka kewaye barandun gidajen kwana da waya don kada a riƙa fita da dare, ɗalibai suka ce su ba dabbobi ba ne da za a sa a keji, suka tsinke wayar, aka rufe kwalejin aka kore su gida na ɗan lokaci. Da kwamitin Ashby ya duba al'amarin ilmi cikin 1960 ya ga tsadar abin, sai ya ce jami'ar da za a yi a Ikko ta zama ta jeka-ka-dawo. A Arewa kuwa ba a bi wannan ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ran 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibi 426, a Samaru, bayan gari, kuma ɗalibanta daga Borno har Kabba su ke zuwa, ba yadda za a yi sai a ba su makwanci.

Yawa ne ya karya tsarin. Cikin 1975 aka ƙara jami'o'i, har da ta Sakkwato, cikin 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, ɗalibai suka yi ta ninkuwa, gini bai bi su ba. Cikin Afrilu 1978 aka ƙara kwabo 50 bisa kuɗin abincin yini, ɗalibai suka tashi da bore suna neman a tuɓe Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi, aka harbe waɗansu a Ikko da Samaru. Cikin shekarun 1980 Gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa. Daga nan sai dokar ta juya baya. Da can a kan tilasta wa yaro ya kwana ciki, yanzu shi ke roƙo a ba shi gado. Abin da ya saura daga tsohon tsari a jami'o'in Gwamnati shi ne a kan fara ba sababbin shiga da masu shekarar ƙarshe wuri, na tsakiya su nemi inda za su raɓa, har ɗakin mutum huɗu ya kan kwashe ninkin haka. Fifita sabon shiga daidai ne, gama shi ne bai san gari ba, shi ne kuma ya fi saurin faɗawa hannun miyagun abokai.

Cikin 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda. Garin da ya saba sallamar 'ya'yansa su tafi karatu, sai ga shi yana karɓar 'ya'yan waɗansu, daga Kudu da Arewa. Waɗanda ba su sami wuri ciki ba suka bazu cikin unguwanni, masu hali suka gina ɗakunan haya, masu abinci da masu babur suka sami kasuwa. Haka kuma aka yi a ƙauyukan da ke daura da Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa cikin 2013. Mai gidan haya kuwa kuɗinsa ya sani, ba wanda ya damƙa masa amanar kowa.

Sa'an nan masifar 'yan bindiga ta zo ta gwada tsarin duka biyu. Cikin Mayu 2019 suka shiga makarantar 'yan mata ta Moriki a ƙasar Zurmi da dare, Allah ya tsare ɗaliban, amma suka tafi da waɗansu masu dafa abinci. Cikin Disamba 2020 suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Ran 26 ga Fabrairu 2021 suka ɗebe 'yan mata 279 daga ɗakunan kwanansu a Jangeɓe, Gwamnatin Zamfara ta ba da umurni a rufe makarantun kwana. Katangar da aka gina don tsaro sai ta zama ta tara wa ɓarawo kaya wuri guda. Wanda ya ga haka zai ce to, a bar kowa ya kwana cikin gari. Amma hukumar makaranta ba ta kuɓuta daga alhaki don ta ce ɗalibi ba a harabarta ya kwana ba, tun da ita ta kira shi daga garinsu, ita ce kuma ta kasa ba shi gado. Haka nan ba ta da bakin tilasta masa kwana ciki sai ta tanadi gadon, da ruwa, da masu gadin da za su iya tsayawa.

Mutumin Shinkafi da ke shirin kai 'yarsa karatu, waɗannan abubuwa ya ke aunawa, kuma ya san abin da ya faru ran 22 ga Satumba 2023. A daren nan, kafin asuba, 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, kusa da Jami'ar Gusau, suka fasa gidajen hayar ɗalibai, suka tafi da fiye da 20, yawancinsu mata. Soja suka ƙwato kaɗan a ran nan. Waɗansu ba su ga iyayensu ba sai cikin Afrilu 2024, bayan sun yi wajen wata bakwai a daji.