Argungu: Shin a 1934 Aka Fara Shiga Matan Fada?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: da gaske ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda baƙi ke niƙo gari dominsa daga ƙasashe daban-daban, a 1934 aka ƙirƙiro shi? Haka takardun jami'an yawon buɗe ido ke nunawa. Kabawa kuwa ba haka suke ba da labarin ba, kuma ni maganarsu ta fi kwanta mini.

Abin da ya faru a 1934 ziyara ce. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka har Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Sai wanda ya san abin da ke tsakanin gidajen biyu zai gane nauyin wannan tafiya. Tun 1805, da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, ba a ga maciji. Yakubu Nabame na Kabi ya ɗaga tutar tawaye a 1849. An ɗan sarara a zamanin sulhun da ake kira Lafiyar Toga, sannan Sama'ila ya hau sarautar Kabi a 1883, ya hana Sakkwato da Gwandu sakat har zuwan Turawa. To, ga jikan Shehu ya zo baƙunci: da me za a karrama shi? Kabawa suka ɗauko abin da suka fi kowa iyawa. Masunta suka faɗa ruwa da homa da gora, aka fito da manyan giwan ruwa a gaban baƙo.

Wanda zai shirya irin wannan su cikin ƙanƙanin lokaci, ai da ma yana da shi a hannu. Gyaran ruwa da fashin ruwa, da sarautar Sarkin Ruwa mai ba da izinin shiga kogi, duk sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Abin da 1934 ta ƙara shi ne 'yan kallo daga waje, da mayar da al'adar masunta taron sada zumunci tsakanin tsofaffin abokan gaba. Wannan ne, a ganina, ya sa kogin Matan Fada, inda ake yin bikin, ya fi sauran wuraren shaƙatawa jan hankali.

Daga baya gwamnati ta karɓi ragamar shiri, aka ƙara tseren kwalekwale da kokawa da baje kolin amfanin gona. UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016, lokacin ma an yi shekaru ba a gudanar da shi ba, sai a 2020 aka dawo da shi.