BABI NA UKU: TARIHIN KEMIS NA IYALI DA SAMAR DA MAGUNGUNA GA MAKARANTU A ƘASAR ƊAMBATTA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda shagunan sayar da magani na iyali, waɗanda aka fi sani da suna kemis, suka shiga harkar kai magunguna da kayan jinya makarantun kwana a ƙasar Ɗambatta. Za a dubi asalin sana'ar, da dalilan bunƙasarta, da yadda iyali ke tafiyar da ita, sannan da matsalolin da ta fuskanta. Manufar babin ita ce a nuna cewa sana'ar ta tsiro ne a cikin giɓin da hukuma ta bari, don haka ƙarfinta da rauninta duk daga tushe ɗaya suke.

3.1 Ƙasar Ɗambatta a Taƙaice

Garin Ɗambatta yana arewa da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Kazaure da Daura. Shi ne mazaunin Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano, wanda yake fitowa daga zuriyar Ɗambazawa. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutum 207,968, mafi yawansu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. A garin akwai babban asibiti, da makarantar koyon unguwarzoma, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo, ban da makarantun sakandare. Wannan taruwa ta ɗalibai a wuri guda, nesa da iyayensu, ita ce ta haifar da buƙatar da babin ke magana a kai.

3.2 Kafin Bayyanar Kemis

Kafin zuwan Turawa, lafiyar yaro tana hannun iyayensa da wanzami da maɗori da mai maganin gargajiya, almajiri kuwa tana hannun malaminsa. Bayan Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a shekarar 1903, sai sannu a hankali En'e ta riƙa buɗe ɗakunan shan magani a manyan garuruwan gundumomi. Malamin asibiti yana karɓar magani ne daga sito na hukuma, ya raba wa jama'a, ciki har da 'yan makaranta. A wancan lokaci makarantun boko kaɗan ne, ɗalibai ma ba su da yawa, saboda haka ɗan kasuwa ba shi da wata kafa ta shiga tsakani.

Ta fuskar doka kuwa, dokar guba da haɗa magunguna ta shekarar 1936 ita ce ta buɗe ƙofar ba wa wanda bai karanci ilimin haɗa magunguna ba lasisin sayar da wasu magunguna. Sharaɗin shi ne ya tsaya a kan ƙananan magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, ya kuma sayar da su a cikin kwalinsu na asali. Ba a yarda ya yi allura ko ya duba majiyyaci ba. Daga wannan lasisi ne kemis na karkara ya samo asali.

3.3 Yawaitar Makarantu da Shigowar 'Yan Kasuwa, 1967-1985

Ƙirƙiro Jihar Kano a shekarar 1967 ya kawo sauyi babba. Gwamnatin Audu Baƙo ta ba da ƙarfi wajen faɗaɗa ilimi, kuma Sarkin Bai Alhaji Mukhtar Adnan, Hakimin Ɗambatta, ya riƙe muƙamin kwamishinan ilimi a cikinta. Daga bisani shirin ilimin firamare kyauta na shekarar 1976 ya cika makarantu da yara, wanda hakan ya tilasta buɗe ƙarin makarantun sakandare da na horon malamai. Da yake ƙauyuka a warwatse suke, yawancin irin waɗannan makarantu na kwana ne.

Kowace makarantar kwana tana buƙatar ɗan ɗakin jinya. Abubuwan da ake nema a cikinsa sanannu ne: kulorokwin don zazzaɓin cizon sauro, da asfirin da farasitamol, da maganin tsutsar ciki, da man shafawa na ƙazwa da makero, da aidin da auduga da bandeji da filasta. Zazzaɓi yakan tsananta da damina zuwa kaka, mura da tari da hunturu, sanƙarau kuma da bazara. A ƙa'ida hukuma ce ke kawo waɗannan kaya. To amma idan suka ƙare a tsakiyar zangon karatu, ga yaro kwance, shugaban makaranta ba ya iya jiran takarda ta je Kano ta dawo. Dole ya aika wurin mai kemis na gari. Da haka ciniki na lokaci-lokaci ya rikiɗe ya zama hulɗa mai ɗorewa.

3.4 Shekarun Tsuke Bakin Aljihu, 1986-1999

Shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a shekarar 1986 ya karya darajar naira. Kafin shirin, naira ɗaya ta kai kimanin dala ɗaya, amma zuwa 1993 sai an ba da wajen naira 22 a farashin gwamnati kafin a sami dala. Da yake yawancin magunguna da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su, sai farashi ya tashi, sito-sito na hukuma kuma suka riƙa zama wayam. A wannan zamani ne majiyyata suka saba da a rubuta musu takarda a asibiti su fita waje su saya.

Hukumomi sun yi yunƙurin toshe wannan giɓi. Shirin Bamako na shekarar 1987 ya kawo tsarin asusun magani mai juyawa, wato a sayar wa majiyyaci magani a kan farashi mai sauƙi a sake saro wani da kuɗin. Haka kuma asusun rarar man fetur na PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, ya rarraba magunguna a asibitocin gwamnati har zuwa lokacin da aka rushe shi a 1999. Sai dai waɗannan tsare-tsare asibitoci suka fi shafa. Ɗalibin makarantar kwana ba shi da kuɗin saye a hannu, makarantar kuma ba asibiti ba ce. Ke nan dogaron makarantu a kan mai kemis ƙaruwa ya yi.

3.5 Yadda Iyali ke Tafiyar da Sana'ar

Tsarin wannan sana'a bai bambanta da na sauran sana'o'in gado na Hausawa ba. Maigida shi ne mai jari da lasisi, shi ne kuma ke ganawa da shugaban makaranta. Ƙane ko babban ɗa shi ke zuwa Kano sari, musamman Kasuwar Sabon Gari, wadda ta daɗe tana zama cibiyar dilolin magani ga arewacin Nijeriya har da Jamhuriyar Nijar. Ƙananan 'ya'ya da yaran gida su ke tsaron shago, suna koyon sunayen magunguna ta hanyar gani da ji. Idan yaro ya ƙware, sai maigida ya sallame shi da ɗan jari ya buɗe nasa.

Ginshiƙin hulɗa da makaranta shi ne bashi. Mai kemis yakan ba da kaya a rubuta a littafi, sai kuɗin gudanarwa sun fito a biya shi. Shi ma a kan bashi dila ya ba shi. Baƙon ɗan kwangila ba zai jure wannan jira ba, amma ɗan gari yana jurewa, domin ya san malaman, wataƙila ma 'ya'yansa suna makarantar, kuma ana iya buga masa ƙofa da tsakar dare. Sunan gida shi ne jingina. Wannan ne dalilin da ya sa sana'ar ta fi zama a hannun iyali. Amma kuma nan ne rauninta yake: in biya ya yi jinkiri jari ya karye, in maigida ya rasu aka raba gado, sau da yawa shago ba ya sake miƙewa, tun da lasisi da amana duk da sunan mutum ɗaya suke.

3.6 Matsalar Jabun Magani da Matakan Hukuma

Babbar barazana ga wannan hulɗa ita ce ingancin abin da ake sarowa. Mai kemis ba shi da na'urar gwaji; abin da dila ya ba shi shi zai kai makaranta. A shekarar 1990 yara sama da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan shan gurɓataccen ruwan farasitamol. Irin wannan masifa na daga cikin abin da ya sa aka kafa hukumar kula da masu haɗa magunguna a 1992, da hukumar NAFDAC a 1993. Annobar sanƙarau ta 1996, da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a lokacin, sun ƙara sa iyaye ɗari-ɗari da abin da ake ba 'ya'yansu. Daga 2001 zuwa 2008, zamanin shugabancin Dora Akunyili, NAFDAC ta matsa wa kasuwannin magani lamba, har duba lambar hukumar a jikin kwali ya zama al'ada ga masu saye.

Har ila yau, kayan da ake nema sun sauya. A shekarar 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma ga haɗin atimisinin wanda ya fi tsada. A 2006 aka fitar da manufar ƙasa kan kiwon lafiya a makarantu. A watan Mayu na 2018 kuma gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda matasa ke shan sa don maye.

3.7 Sauye-sauyen Baya-bayan Nan

Rufe makarantu a shekarar 2020 saboda cutar korona ya tsayar da ciniki na tsawon watanni. A watan Fabrairu na 2021 kuma, bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara da Kagara da Jangebe, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana da manyan makarantu na wajen birni na wani lokaci, ciki har da Kwalejin Audu Baƙo. Sakin naira a 2023 ya sake ninka farashi. Bugu da ƙari, a watan Fabrairu na 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, hukumomi sun rufe shaguna sama da 1,000 a Sabon Gari da kewayenta, aka umarci diloli su koma sabuwar cibiyar sari ta Dangwauro a kan hanyar Zariya. Ga ɗan sarin Ɗambatta, wannan yana nufin sai ya ratsa birni daga arewa zuwa kudu, kuɗin mota ya ƙaru. Amma a ɗaya ɓangaren yana sayen kaya a wurin da hukuma ke sa ido a kan ajiya da asalin magani.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda kemis na iyali ya samo tushe daga dokar 1936, ya sami kasuwa da yawaitar makarantun kwana bayan 1967, ya kuma zama abin dogaro bayan 1986. An ga cewa amana da bashi su suka riƙe hulɗarsa da makarantu, alhali kuwa amana ba ta iya tantance jabun magani, doka kuma ta iyakance abin da mai lasisi zai iya sayarwa. Muddin ɗakin jinya na makaranta ba shi da tabbataccen kaso na kuɗi da ƙwararren ma'aikaci, nauyin lafiyar ɗalibi zai ci gaba da faɗawa a kan ɗan kasuwar da ba a horar da shi don wannan aiki ba. Babi na gaba zai dubi kalmomi da salon maganar da masu wannan sana'a ke amfani da su a tsakaninsu da kuma tsakaninsu da abokan ciniki.