Kafin data, makafi ne ke raba waƙa

1/ Jama'a, ku matso ku ji wani tarihi.

2/ Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana yaro. Da ka ya tsara Imfiraji, aka rubuta, aka buga a Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1990.

3/ Kakata a Kudan ba ta taɓa riƙe littafin ba, amma ta haddace baitoci. A ina? Bakin makafi, ran kasuwar Makarfi, suna bin rumfa-rumfa da ɗan jagora.

4/ Yau waƙa ta koma waya, mu kuma hoton shafi muke ɗorawa. TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho allo, sau da yawa ba ta iya karanta shi. In rubutu ne, muryar Turanci ta dagula ƙ da ɗ. Ga tsadar waya, ga data.

5/ Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariyar naƙasassu a Janairun 2019. To amma doka ba za ta taɓa maka allo ba.

6/ Don Allah, in za ka ɗora waƙa, rubuta ta, ka haɗa da murya. Su suka kawo mana ita.