Age of Empires II: gyaran wasa da gyaran tarihi

A 1999 kamfanin Ensemble Studios ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Age of Empires II a ƙarƙashin Microsoft. Za ka fara da mutanen ƙauye ƙalilan, ka tara abinci da itace da zinari da dutse, ka gina gari, sannan ka haɗa runduna. An rufe Ensemble a 2009, amma har yau ana gasar wasan. Sabunta manhajar ne ya riƙe shi.

Gyaran farko na rage wahala ne. A asalin wasan, in gona ta ƙare sai ka koma ka sake shuka ta da kanka, ko da ana tsakiyar yaƙi. Ƙarin The Conquerors na shekarar 2000 ya ba ka damar biyan kuɗin shukar tun da wuri, Definitive Edition na 2019 kuma ya sa gonar tana sabunta kanta. Ƙaramin abu ne, amma ya mayar da hankalin ɗan wasa kan dabarar yaƙi.

Sai daidaita ƙarfi. In wata daula ta cika cin wasa a intanet, a ƙara wa sojanta tsada ko a rage masa ƙarfi. Wannan lissafi ne kawai.

Mai wuyar shi ne tarihi. A 2013 aka shigo da Indiyawa a matsayin al'umma guda, tamkar duk faɗin yankin nan sarauta ɗaya ce da harshe ɗaya. Sai a 2022 ƙarin Dynasties of India ya raba su huɗu: Hindustani, Bengali, Dravidian da Gurjara, kowace da sojanta da dabarunta. Wasan ya ƙara armashi, tarihin ma ya ƙara gaskiya.

Afirka ta Yamma ba ta samu wannan kulawar ba. The African Kingdoms na 2015 ya kawo daular Mali da labarin Sundiata, abin a yaba. To amma sojan musamman da aka ba Mali su ne Gbeto, mata masu jifa da wuƙa, waɗanda aka aro daga mayaƙan matan Dahomey a ƙasar Benin ta yau, masarautar da ta taso ɗaruruwan shekaru bayan Sundiata. Ga wanda bai taɓa karanta tarihin Mali ba, wannan hoton ne zai zauna masa a kai, kuma Definitive Edition ya bar su yadda suke.